DARIYAR DA TA GAGARI YAYATA

 

Na san kun saba ganin alƙalamina a kan labarin masoya, yadda suka haɗu, yadda iyaye suka ƙi, da yadda daga ƙarshe aka sha biki. To yau kam abin da ke biyo bayan bikin na zo muku da shi, wato irin maganar nan ta cikin ɗaki wadda mu marubuta muke rufe littafi kafin mu iso gare ta. Na daɗe ina juya ta a raina ina jin nauyi, amma da na tuna Hausawa sun ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, kuma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, sai na ce bari dai in daure in rubuta. Labarin wata yayata ne, ɗiyar gwaggona, wadda muka tashi ɗaki ɗaya da ita. Da izininta na rubuta, sharaɗinta guda ne kawai, kada in ambaci sunanta, don haka Yaya zan riƙa ce mata kamar yadda na saba.

RANAR SA LALLE

Duk wanda ya san Yaya ya san ta da dariya, idan tana gida tun daga zaure za ki san tana nan. An yi mata aure tana da shekara 18 aka kai ta Mabera, cikin shekara shida ta haifi 'ya'ya uku reras. Na ukun namiji ne ƙato tubarkalla, ta sha wuyar naƙudarsa ƙwarai kafin Allah Ya sauke ta lafiya.

Yaron yana da wata biyar aka tashi bikin wata ƙanwarmu. Ranar sa lalle muna zaune tsakar gida an baza tabarmi, sai wata kakarmu mai barkwanci ta saki wata magana a kan ango, gida ya kaure da shewa. Yaya ta yi dariya har da riƙe ciki, can sai na ga fuskarta ta canza, ta yi tsit, ta jawo mayafinta ta ɗaura a ƙugu, ta miƙe da baya da baya ta shige ɗakin Inna. Na bi ta na ce, "Yaya lafiya?" Ta ce kanta ne ke sara mata. Ko la'asar ba a kira ba ta sa aka tsayar mata da keke napep ta koma gida. Da na zo naɗe tabarma na ga inda ta zauna a jiƙe, wallahi ban kawo komai a raina ba, na ɗauka jaririnta ne ya yi ɓarna.

Tun daga ranar Yaya ta zama wata daban. Ba biki ba suna, kullum da uzurin da za ta kawo. Idan aka yi abin dariya sai ta cije leɓe ta harɗe ƙafafu, ta yi ɗan murmushi kamar baƙuwa. Ɗakinta kuwa turaren wuta har ya yi yawa, humra kamar da ita take wanka. Ruwa ma ta daina sha sai kurɓi ɗaya biyu, a cikin zafin watan Afrilu da kowa ke neman randa. Mijinta ya kawo ƙara wurin Gwaggo cewa tana gudunsa, ta ƙaura ɗakin yara, ko hira ba ta zama su yi. Dangin miji kuwa suka samu abin faɗi, wai girman kai ne ya kama ta, gara ya ƙaro wata ko ta dawo hankalinta.

Ni dai na san ruwa ba ya tsami banza. Wata ranar Alhamis na je mata kwana da maigidan ya yi tafiya, bayan yara sun yi barci na rufe ƙofa na ce yau sai ta gaya mini. Ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta fashe da kuka ta ce, "Ƙanwata, ina jin yoyon fitsari ne ya kama ni."

Ta ce tun bayan haihuwar nan, idan ta yi tari ko atishawa, ko ta yi dariya, ko ta ɗaga bokitin ruwa, sai ta ji fitsari ya zubo ba ta shirya ba. Wani lokaci ɗigo biyu, wani lokaci har ya jiƙa zani. Kullum cikin ƙunzugu take kamar mai al'ada, kowace salla sai ta sake zani, tana yi tana kokwanton tsarkinta. Ta taɓa gwada gaya wa Inna, Inna ta ce mata, "Wanga ai gadon haihuwa na, ɗiyata. Mu da munka haihi goma, wa munka kai ma kuka?" Daga nan ta kwashe kuɗin adashinta ta kai wa wata mai kayan mata, aka haɗo mata na sha da na matsi, abin da ta samu kawai ƙaiƙayi ne da raɗaɗi, fitsari kuwa yana nan yadda yake. Babban tsoronta shi ne mijinta ya sani, domin ta ji labarin matan da aka saka saboda yoyon fitsari. Na ce, "Yaya tun yaushe kike cikin wannan hali ke kaɗai?" Muka ƙirga, shekara ɗaya da wata biyu.

Da ƙyar na shawo kanta muka je asibiti muka yanki kati. Likitar mace ce, ta yi mata tambayoyi: shin fitsarin yana zuba ne dare da rana ba tsayawa, ko kuwa sai ta yi tari? Tana tashi da safe ta ga shimfiɗa a jiƙe? Tana jin zafi wajen fitsari? Aka auna fitsarin, aka duba ta, sannan likita ta ce, "Kwantar da hankalinki, babu huji. Tsokar ƙasanki ce ta saki, zan tura ki sashen gashi." Yaya ta zaro ido ta ce, "Likita ni fa ban karye ba, ban kuma shanye ba, me zan je yi wurin masu gashin ƙashi?" Ni kaina na yi mamaki, domin a sanina masu karaya da masu shanyewar ɓarin jiki ne ke zuwa can. Ashe rashin sani ya fi dare duhu.

WACE TSOKA CE WANNAN?

'Yar uwata, kin san ragaya, wadda kakanninmu ke ratayewa a ɗaki su jera ƙorai a cikinta? To a can ƙasan ƙugun kowace mace Allah Ya shimfiɗa wasu tsokoki masu kama da ita. Sun tashi daga ƙashin mara ta gaba, suka kama ƙarshen ƙashin baya. Su ne ke tallafe da mafitsara da mahaifa da ƙarshen hanji, kuma ta cikinsu hanyoyi uku suka ratsa, hanyar fitsari, hanyar haihuwa da dubura. Duk lokacin da kika matse fitsari har ki isa bayi, ko kika riƙe tusa a cikin mutane, su ne suka yi miki aikin ba ki sani ba.

Idan kika yi tari ko dariya, nauyin cikinki ƙasa yake dannawa. Tsoka mai ƙarfi tana tarbarsa ta rufe hanya, wadda ta saki kuwa sai ta bari ya wuce. Abubuwan da ke sa ta saki kuwa duk mun san su a gidajenmu. Akwai nauyin ciki na wata tara, da doguwar naƙuda, da haihuwar ƙaton jariri, da haihuwa kusa da kusa ba hutu. Akwai yawan yunƙuri a bayi saboda taurin bayan gida, da tarin da ya daɗe ba a magance shi ba, da ɗaukar kaya masu nauyi tun jego bai yi nisa ba, da ƙiba, sannan da shekaru idan al'ada ta ɗauke. Masana sun gano cewa kusan mace ɗaya cikin uku tana samun zubar fitsari a watanni ukun farko bayan haihuwa. Ki duba taron suna ki ƙirga mu gani, ashe Yaya tana da 'yan uwa da yawa, kowa dai ta yi shiru ne da nata.

Abin farin cikin shi ne, tsoka ce kamar ta hannu da ta ƙafa. Yadda damtsen mai daka yake ƙarfi saboda taɓarya, haka ita ma take ƙarfi idan aka ba ta aiki kullum. Wannan shi ne dalilin tura Yaya sashen gashi, domin su ne masana tsoka da motsinta.

YOYO IRI-IRI NE

Nan ne nake so ki natsu ki karanta da kyau, saboda mu duk abin da ya zubo yoyon fitsari muke ce masa, alhali kowanne da maganinsa.

Na farko shi ne irin na Yaya, wanda ke zuwa lokacin tari, atishawa, dariya, tsalle ko ɗaga kaya. Idan kina kwance ko zaune shiru a bushe kike. Wannan shi ne wanda atisayen tsoka ya fi yi wa aiki.

Na biyu shi ne wanda fitsari zai matse ki farat ɗaya, kafin ki ɗauki buta ki isa bayi ya kufce. Mai wannan takan yi ta zarya bayi dare da rana. Ita kuma bayan atisaye ana koya mata horar da mafitsara, wato ta riƙa ƙara tazara tsakanin fitsari da fitsari kaɗan kaɗan, na aƙalla mako 6, ta kuma rage shayi da kofi da goro da lemon kwalba mai baƙin ruwa, domin suna tsokanar mafitsara.

Akwai kuma zazzagowar mahaifa, inda mace za ta ji nauyi a ƙasanta kamar wani abu zai faɗo, musamman da yamma bayan ta wuni a tsaye, wata ma har ta taɓa wani kumburi a gabanta. Idan abin bai yi nisa ba, atisaye na aƙalla wata 4 yana rage shi. Idan ya yi nisa likita kan sa wani zoben roba ya tallafe ta, ko a yi aiki.

Sai kuma babban, wanda Yaya ke tsoro, wato yoyon fitsari na huji. Shi wannan yana faruwa ne idan naƙuda ta tsaya, kan jariri ya maƙale ya danne mafitsara a jikin ƙashi na tsawon lokaci, jini ya daina zuwa wurin, naman ya mutu ya ɓule. Bayan 'yan kwanaki da haihuwa sai fitsari ya fara zuba ta gaba, dare da rana, tana tsaye tana kwance, ba ta da iko da shi ko kaɗan. Ya fi samun matan da suka kwana biyu ko uku suna naƙuda a gida, da yarinyar da ta ɗauki ciki ƙugunta bai gama buɗewa ba. Yankan gishiri da wanzamai da wasu ungozomomi ke yi shi ma yana huda mafitsara. Wannan kam 'yar uwa ko shekara goma aka yi ana atisaye hujin ba zai toshe ba, asibiti ake zuwa.

Kuma ana warkewa. A nan Sakkwato Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha ya shahara da wannan aiki, mata na zuwa daga ƙauyuka da jihohin maƙwabta. A Katsina akwai cibiyar ƙasa ta Babbar Ruga, inda Dakta Kees Waaldijk, ɗan ƙasar Holan, ya fara ɗinke mata tun shekarun 1980, ya yi wa dubbai aiki, ya kuma koyar da likitocinmu da yawa. Yana cikin waɗanda suka nuna cewa idan aka kawo mace da wuri hujin yana sabo, aka sa mata robar fitsari ta yi wasu makonni, ƙaramin huji yakan haɗe da kansa ba tare da tiyata ba. A Kano akwai sashen Laure a Asibitin Murtala. A shekarar 2005 an yi gangami na mako biyu a Kano, Katsina, Kebbi da Sakkwato, aka yi wa mata sama da 500 aiki. Tun daga 2013 kuma duniya ta keɓe ranar 23 ga Mayu ta kowace shekara don yaƙi da wannan lalura.

Ko su ma masu huji suna da rabo a wurin masu gashi. Wata bayan doguwar naƙuda ƙafarta kan saki ta riƙa jan ta, saboda kan jariri ya danne jijiya, sai an yi mata gashi da atisaye take komawa tafiya. Wata kuma an ɗinke hujin ya rufe sarai amma tana ɗan ɗiga saboda tsokar ta raunana, ita ma atisayen nan ake koya mata. Wadda aka yi wa aiki kuma dole ta kiyaye sharuɗɗan likita, ta nisanci shimfiɗar miji tsawon watannin da aka ɗiba mata, idan ta sake samun ciki ta riƙa zuwa awo, haihuwa kuma a asibiti ta hanyar tiyata.

YADDA AKE ATISAYEN

Wani likitan mata a Amurka mai suna Arnold Kegel ne ya yaɗa wannan atisaye a shekarar 1948, shi ya sa za ki ji ma'aikatan asibiti suna kiransa da sunansa. A 2018 wasu masana suka tattara binciken da aka yi a ƙasashe daban daban, suka tarar a cikin mata masu irin yoyon Yaya da suka yi atisayen, 56 cikin 100 sun ce sun warke, a cikin waɗanda ba su yi ba kuwa 6 ne kacal. A Faransa har inshorar lafiya ta gwamnati ce ke biya wa mai jego kuɗin zuwa a koya mata. Mu kuwa da muke da wankan jego na kwana arba'in da kunun kanwa da gasasshen nama, wannan guda ɗaya ne ba a sa mana a cikin tsarin jegon ba.

Ga yadda ma'aikaciyar gashin ta koya wa Yaya, ina zaune ina rubutawa a bayan littafina.

Ki kwanta rigingine ki tanƙwashe gwiwoyi, ki saki jiki. Ki matse duburarki kamar kina riƙe tusa a gaban surukai, sannan ki haɗa da gabanki kamar kina riƙe fitsari, ki ja su sama zuwa ciki. Abin da ake so ki ji shi ne matsewa da ɗagawa. Kada ki danna ƙasa kamar mai yunƙuri, kada ki matse cinyoyi ko mazaunai, kada kuma ki riƙe numfashi. Idan kin yi daidai, wanda ke zaune kusa da ke ba zai san kina komai ba.

Ki riƙe kina ƙirga ɗaya, biyu, uku, sannan ki saki gaba ɗaya ki huta daidai tsawon da kika riƙe. Sakin yana da muhimmanci kamar matsewar. Ki maimaita sau 8 zuwa 10. Bayan nan ki yi na sauri sau 10, matse saki, matse saki. Wannan zama ɗaya ke nan, kuma sau 3 ake so a rana. Yaya ta haɗa nata da bayan sallar asuba, bayan la'asar da bayan isha'i don kada ta manta. Kowane mako ki ƙara ƙirgen har ki iya kaiwa goma. Idan kin ƙware a kwance ki koma yi a zaune, kina tsintar shinkafa ko kina shayar da yaro, daga nan ki koma a tsaye.

Akwai wata dabara da ta fi taimaka wa Yaya tun a makon farko. Duk lokacin da kika ji tari ko atishawa na zuwa, ko za ki ɗaga bokiti ko ki sunkuci yaro, ki riga shi matsewa tukuna.

Ta kuma gargaɗe mu da abu uku. Kada ki mai da tsayar da fitsari a tsakiya ya zama atisayenki, yin haka kullum yana hana mafitsara juyewa duka. Kada ki rage shan ruwa don tsoron yoyo, fitsari mai kauri ya fi tsokanar mafitsara, ga wari, ga shi yana jawo taurin bayan gida, balle a garin da zafi ke wuce digiri 40. Na uku, idan kina jin zafi lokacin atisayen, ko kina ganin jini a fitsari, ko zazzaɓi, ki tsaya ki ga likita.

Mata da yawa idan aka gaya musu da baki kawai ba sa kama tsokar daidai, wasu ma ƙasa suke dannawa su ƙara ɓata lamarin. Shi ya sa ya fi kyau a fara a gaban wadda ta sani. Da izininki za ta sa safar hannu ta duba ta ji ko kina matsewa daidai, a wasu asibitocin har akwai na'urar da ke nuna ƙarfin matsewar, da wadda ke farkar da tsokar da ta yi rauni ƙwarai. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da sashen gashi, likitan mata zai iya tura ki can. Haƙƙinki ne ki ce mace kike so ta duba ki, kuma ki tafi da 'yar rakiya. Sai dai fa a sa haƙuri, aƙalla wata 3 ake yi ba fashi kafin a yanke hukunci ko ya yi ko bai yi ba.

HAKIN MAYE DA MAGANAR AMARE

Mu Sakkwatawa an san mu da hakin maye, har daga Kano da Abuja ake aiko saye, yanzu kuma ga shi nan ana talla a WhatsApp. Ni ban zo in hana kowa sana'arta ba, amma gaskiya ɗaya ce. Abin da ake cusawa a gaba da sunan matsi, irin su alif da garin bagaruwa, fatar wurin kawai yake tsotsewa ta bushe ta takure na ɗan lokaci. Ba ya isa ga tsoka balle ya ƙara mata ƙarfi, ga shi yana iya ƙona fatar ya buɗe ƙofar cuta. Matsin da ke ɗorewa a jikinki yake, kuma ko sisi ba a biya.

Sannan ga wata magana ga amare. Wata matsalarta ba sakin tsoka ba ce, tsokar ce ke ɗaurewa tamau saboda tsoro ko zafi, har kwanciyar aure ta gagara. Sai ki ji an ce aljani ne ya aure ta, ko an yi mata asiri, ko gishiri ne ya fito mata a kira wanzami. Don Allah kada a bari aska ta kusanci yarinya. Wannan ma lalura ce da likitocin mata da masu gashi suka sani, kuma ita ba atisayen matsewa ake ba ta ba, sassautawa ake koya mata, da numfashi mai zurfi, a bi ta a hankali, a kuma zaunar da angon a fahimtar da shi.

GARE KU ƘANNENA 'YAN MAKARANTA

Kada ki ce ni da ko saurayi ba ni da shi me ya haɗa ni da wannan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na yi makarantar kwana, na san yadda muke ƙin shan ruwa mu riƙe fitsari tun safe har a tashi saboda ƙyamar bayi. Ku daina, ku sha ruwa, ku je idan ya matsa. Ku ci ganye, zogale da rama da alayyafo, da wake da 'ya'yan itace, don bayan gida ya riƙa fita ba yunƙuri. Idan za ki ɗauki jarkar ruwa ki durƙusa da gwiwa ki matse ƙasanki sannan ki ɗaga, wadda ta fi ƙarfinki ki nemi a kama miki. Tarin da ya wuce mako biyu a kai shi asibiti.

Ranar da Allah Ya kai ki ɗakinki kika samu rabo, ki riƙe awo da muhimmanci, atisayen nan ma ana yin sa da ciki idan ma'aikaciyar awo ta amince. Ki yi magana da mijinki tun ciki yana ƙarami cewa a asibiti za ki haihu, ya bar izini da kuɗin mota ko da ba ya gari. Naƙudar da ta kai awa 12 a gida ba a haihu ba, ba ta jira kuma ba ce, kunyar ɗan fari kada ta sa ki yi shiru a ɗaki. Mai fama da yoyo kuma kada ta bar salla don kokwanto, malamai sun yi bayanin hukuncinta kuma akwai sauƙi a ciki, ta tambayi malamarta ta Islamiyya.

Ke kuma mai ƙoƙari a darussan kimiyya, ki sani ana karanta wannan fanni na gashi a jami'a, Jami'ar Bayero ta Kano ma tana da sashensa. Da yawan matanmu ba za su taɓa buɗe baki a gaban namiji ba, ke suke jira.

YAYA TA DAWO

Watan farko Yaya ta kusa karaya, ta ce ita ba ta ga wani canji ba, na ce sannu sannu ba ta hana zuwa. Abin da ya fi yi mata wuya shi ne gaya wa mijinta, amma da ta daure ta faɗa, bawan Allah shiru ya yi, sannan ya ce shi duk zatonsa ta daina son sa ne. Shi ya riƙa kai ta asibiti da kansa. A wata na biyu ta daina ƙunzugu a cikin gida, a wata na huɗu ta je suna ta wuni. Ba zan yi muku ƙarya in ce ko ɗigo babu ba, idan mura ta kama ta da tari mai ƙarfi takan ɗan gani, kuma an gaya mata atisayen ba a ajiye shi, sai dai a rage. Amma ran nan da na je Mabera, tun daga zaure na jiyo dariyarta, na tsaya na share hawaye kafin in yi sallama.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Inna. Rannan ta kira Yaya gefe ta ce, "Ke ɗiyag ga, abin nan da anka koya miki, tsohuwa na iya yi nai?" Ashe ita ma shekara da shekaru tana fama. Aka ce mata tana iyawa, tsufa ba ya hana tsoka karɓar horo.

A garin nan namu ne Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa 'Yan Taru a ƙarni na 19, mata suna ɗaukar ilimi suna kai wa mata 'yan uwansu har cikin ɗaki. To ke ma da kika karanta wannan, ki duba a gidanku ko maƙwabta, idan akwai wadda ta daina zuwa taro, turarenta ya yi yawa, dariyarta ta ɗauke, ki ja ta gefe cikin sirri da mutunci ki karanta mata, ki kuma raka ta asibiti.

Mai tambaya ko ƙarin bayani ta rubuto ta hannun edita, ba sai ta sa sunanta ba. Kurakuran da ke ciki nawa ne, a yi mini afuwa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sauki masu ciki lafiya, Ya ba 'yan mata mazaje masu tausayi, amin.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Taku har kullum, 'yar uwarku daga birnin Shehu.